Maraya a Bakin Taga

Talata, da yamma

Yau muka shuka wake.

Bari in rubuta abin a tsare, ko don ranar da kaina zai ɗaure in manta me ya kai ni can. Jami'a ta haɗa mu, mu ɗaliban digiri na uku, da ƙananan sakandare na karkara, kowa da makarantarsa. Talata da Alhamis motar sashenmu tana zubar da mu ɗaya bayan ɗaya a bakin hanya. Ni ce ta ƙarshe, don tawa tana can inda kwalta ta gaji ta bar wa jar ƙasa. Aikina in shiga aji tare da malamar kimiyya, mu sa yara su taɓa abu da hannunsu maimakon su haddace shi. Ƙarshen zango a yi musu jarrabawa, a ga ko zuwana ya tsinana wani abu. Abin da ya fito shi ne kundin digirina. In kundin bai tsaya bana ba sai baɗi, ni kuwa na gaji da cewa sai baɗi.

Gwangwani huɗu muka jera a bakin taga. Na farko takin shanu, na biyu toka, na uku takin zamani, na huɗu ƙasa da ruwa kawai. Akwai wata 'yar ƙaramar yarinya a layin gaba, goshinta kullum a tattare, na sa mata Me-ya-sa don ba ta da gaisuwar da ta wuce wannan. Ta ɗaga hannu.

“Anti, shi na huɗun laifin me ya yi?”

Na ce ba laifi ya yi ba, shi ne ma'auninmu. In ba a bar guda ɗaya haka nan ba, ta yaya za mu san takin ne ya yi aiki, ba waken ne ya ga dama ba?

Ta dube shi, ta dube ni. “Ashe maraya ne.”

Aji ya kwashe da dariya. Kafin a dawo daga hutun tara wani ya rubuta masa MARAYA a ciki da alli. Na ɗauki tsumma zan goge, sai kuma na ajiye.

Inna ta kira ina cikin mota. Matar Baffana ce, a hannunta na tashi, ai ta san ba na son magana a mota. Ban ɗauka ba.

Alhamis, da hantsi, a ofishin malamai

Aji biyu ne 'yan shekara ɗaya a nan, A da B, bango ne kawai ya raba su. A ofishin Farfesa, mai duba aikina, aka jefa ƙuri'a tun kafin in taka makarantar. A ya same ni, B bai sami kowa ba. Su B za su ci gaba yadda suka saba, Malama ta karanta, su maimaita, su kwafa. Da su za a auna A. Haka tsarin yake a duk makarantun, kuma tsari ne mai kyau, ni da bakina na kare shi a gaban kwamiti har aka jinjina min.

Malama ce ke koyar da duka biyun. Ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ta hanci take dariya. Na tambaye ta ko ba ta rikicewa, nan da gwangwani, can da littafi.

Ta ce, “Ƙanwata, ni da na yi shekara da shekaru ina koyar da kimiyya ba ko kwalbar gwaji, littafi ne zai rikita ni?” Daga nan ta shiga jera jajayen birukanta, wanda a wajenta yana nufin an rufe zance.

Abu biyu na lura da su yau. Wasu 'yan tsuntsaye sun yi sheƙa a katakon rufi, suna shawagi daga ajinmu zuwa B su dawo, ba ruwansu da ƙuri'a. Sannan akwai mai tari a B. Tari ne ɗan siriri, guda biyu a jere. Duk sanda na yi tambaya na tsaya jiran amsa, sai in ji shi. Ko mura ce ke yawo?

Asabar, da rana

Wanki. Inna ta sake kira. Hannuna da kumfa.

Talata, da yamma

Sun fito! Duka huɗun, kowanne ya sunkuyo da kai daga ƙasa da ɓawonsa a ka kamar hula. Wallahi da ganin yadda yaran nan suka yi wa tagar dafifi sai ka rantse ba 'ya'yan manoma ba ne. Wani yaro ya ce shi ya sha ganin wake ya tsiro, amma bai taɓa tsayawa ya kalle shi ba. Na rubuta wannan a bayan hannuna don kar ya ɓace min.

Muka auna da rula. Rular guda ce, an kusa ba hammata iska a kanta, sai da Malama ta buga tebur. Na tambaye su wanne suke zaton zai fi tsayi. Yawanci suka ce takin zamani. Me-ya-sa ta ce Maraya. Na ce da wace hujja? Ta ce ba hujja, so take yi. Na ce kimiyya ba ta san so ba. Ta ce to me ya sa?

Kafin in buɗe baki sai ga tarin nan daga B, guda biyu, kamar wani na jira shi ma.

Alhamis, da yamma

Maraya ya kamo na toka.

Ban gane ba. Ƙasar ɗaya ce, ni na tankaɗe ta da hannuna. Irin ɗaya ne, daga leda ɗaya. Ko ya fi samun rana ne, tunda shi ne a ƙarshen taga? Na sauya musu wuri. Ko gwangwaninsa ya fi huda a gindi? Na ɗaga na duba, duk ɗaya ne. Abin ya dame ni, amma irin damuwar nan mai daɗi, wadda ke sa mutum ya manta bai ci abinci ba. Rabon da wani abu ya ɗaure min kai haka tun ina shekarar farko a jami'a.

Yaya, babban ɗan Baffa, ya turo saƙo. An kwantar da Baffa a asibiti tun ranar Litinin ta makon jiya. Ya ce da sauƙi. Ya ce Inna ta ce kar a gaya min ta saƙo, amma tunda ba na ɗaukar waya.

Ranar Litinin ke nan. Maganar da na gaya masa a falo kuwa ranar Asabar ce, kwana biyu kafin nan. Ba na lissafa komai, kawai dai na lura.

Juma'a, da safe

Na ce wa Yaya Allah ya ƙara sauƙi. Na ce aiki ya yi min yawa.

Litinin, da rana

Sakamakon jarrabawar tsakiyar zango ya fito, Farfesa ya tara mu. Sauran duk bakinsu har kunne. A makarantar Dogo, abokin karatuna mai zama a gaban mota saboda ƙafafunsa, bambancin ya fito ɓaro-ɓaro, A a sama, B a ƙasa, sai wani hura hanci yake kamar shi ya ƙirƙiro wake.

Da aka zo kan tawa Farfesa ya cire tabarau ya goge. In ya goge tabarau, to mutum ya shirya.

“A ɗinki sun ƙaru sosai,” in ji shi. “Madalla. B ma sun ƙaru sosai.”

Na ce, “Alhamdu lillahi.” Kafin in rufe baki na san na kwafsa. Dogo ya sunkuyar da kai yana ƙunshe dariya.

Farfesa ya ce, “Ba abin hamdala ba ne a wajenki. In babu bambanci, me za ki rubuta? Cewa zuwanki da rashin zuwanki duk ɗaya ne?”

Ya juyo min da kwamfuta ya nuna min tambaya ta bakwai, wadda ke cewa me ya sa ake barin shuka ɗaya ba taki. Wannan ba ya cikin littafinsu, daga bakina kaɗai ya fita. Fiye da rabin B sun ci ta. Wata ma ta rubuta, “Domin shi ne ma'auninmu.” Kalmata ce, ko wasali ba ta sauya ba.

“Wani yana kai musu,” in ji Farfesa. “Ki gano ko wane ne kafin Juma'a.”

A hanyar gida tsoro ya kamata ya cika ni, kuma akwai shi, ba zan yi ƙarya ba. Amma abin da ya fi cin raina shi ne son in ga yarinyar da ta rubuta amsar nan.

Talata, da la'asar

Na fara da zargin Malama, Allah ya yafe min. Na tambaye ta a kaikaice, ta gane kai tsaye.

“Na yi alkawari zan koya musu da littafi, kuma da littafi nake koya musu,” in ji ta. “In kin ga dama ki zo ki zauna ki ga yadda suke hamma.”

Sai na yi zaton 'yan A ne ke ba su labari a hanyar gida. Wannan kam dole akwai, wasu ma uwa ɗaya uba ɗaya ne. Amma labarin hanya ba ya zuwa da kalma daidai da kalma.

Da aka fita tara na leƙa B. Ban taɓa shiga ba, tsari ya hana ni. Ba kowa a ciki. Bencina irin namu, allo ya fi namu fashewa. Sai dai bencinan ba sa fuskantar allo sosai, duk sun ɗan karkata zuwa bangon da ya raba mu. A bayan ƙofa kuwa, inda ba mai gani sai ya rufe ta, gwangwani huɗu ne a jere. Na madara ne, sun yi tsatsa, kowanne da wakensa. A cikin na huɗun an rubuta MARAYA da gawayi.

Ina tsugune a wajen sai na ji muryar Me-ya-sa tana faɗa da wani a kan rula, ras, kamar a kafaɗata take. Na ɗaga kai. Bangon bai kai rufi ba. Ya tsaya ne da saura kamar kamu biyu, ba silin, ba komai, sai katako da sheƙar tsuntsayen nan. Tun makon farko nake kallon tsuntsaye suna wucewa ta wajen, ni mai digiri biyu da rabi.

Malama ta same ni a haka. Ta ce malamin da ke da B a wannan darasin an yi masa canjin wurin aiki tun farkon zango, ba a turo wani ba. Watau duk sanda nake A, su B zaune suke ba malami.

Na ce, “Amma ban taɓa jin hayaniyarsu ba.”

Ta ce, “Ke ma kya faɗa. Aji ba malami, ya yi tsit kamar ruwa ya cinye shi, ba ki taɓa tambayar kanki ba?”

“Malama, kin sani?”

“An tambaye ni abin da nake koyarwa. Ba a tambaye ni tsayin bango ba.”

Na tambaye ta mai tarin. Ta ce wata yarinya ce doguwa a layin baya, ba mura take ba. In ta san amsa ba ta da halin faɗa, sai ta yi tari.

Laraba, da safe

Ban fita ba. Ina ta tunanin wani abu da ba shi da alaƙa da komai.

A gidan Baffa, sanda muke firamare, akwai malamin da ke zuwa yi wa su Yaya darasi da yamma. Teburin falo kujera biyu gare shi. Ba wanda ya ce kar in shiga, ba kuma wanda ya ce in shiga. Lokacin wanke-wankena ne, a ɗan lungun da ke bayan falo. Ƙofar falon ba ta rufuwa, sakatarta ta lalace, kullum a ɗan buɗe take. A nan na koyi raba lamba, hannuna cikin ruwan kwanuka. Har yau in ina lissafi mai wuya sai in ji ƙamshin sabulu.

Baffa yana son ba da labarina. Ko a ranar Asabar ɗin nan, baƙi cike da falo, ya nuna ni ya ce, “Kun ga wannan? Ba malami, ba komai, da kanta ta fito.” Da alfahari ya faɗa, na sani. Ya sha faɗa ina murmushi. Ban san me ya hau kaina ranar ba.

Abin da na mayar masa ba zan rubuta shi a nan ba.

Alhamis, da yamma

Maraya ya wuce na takin zamani. Ganyensa kore shar, har wani sheƙi yake.

Yau na zo da tsinke. Na ce wa aji mai bincike ba ya zargi, tonawa yake. A gabansu na soka tsinken a gefen gwangwanin na ɗago ƙasa a hankali. Kashin awaki, guda uku, an binne su da kyau. Na ƙara tonawa. Toka. Ɓawon ƙwai, an daka shi lukui. Can ƙasa 'yan ƙwayoyin takin zamani, farare, ba su gama narkewa ba.

Aji ya yi tsit. B ma tsit, yanzu na iya jin shirunsu.

Na ce ba duka, ba zagi, so nake kawai in san wa ya yi. Me-ya-sa ta ɗaga hannu, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ita ce ta sa kashin awakin, amma wallahi ba ita ta sa toka ba. Sai wani yaro a baya ya ce tokar tasa ce, ya zaci shi kaɗai ne. Sai hannu ya yi ta tashi, nan ɗaya, can ɗaya, kowa yana kallon ɗan'uwansa da mamaki. Kowa a ɓoye ya yi, kowa yana zaton ba wanda ya damu da Maraya sai shi.

Takin zamanin ne ba wanda ya amsa. A kabad ɗin ofishin malamai yake, da makulli. Na dubi Malama. Malama ta dubi tsuntsaye.

Na yi niyyar yi musu bayani cewa sun ɓata gwajin, yanzu ba mu da abin da za mu auna sauran da shi. Na ma fara. Sai Me-ya-sa ta ce, “Anti, mun gane. Mun san dalilin. Kawai dai kullum muna ganinsa.”

Dariya ta ƙwace min, daga nan kuma ta so ta juye ta zama wani abu, sai na ce su fita tara.

Juma'a, da rana

Na gaya wa Farfesa komai, har da tsuntsayen. Ya riƙe kai. Ya ce shi a takarda ya ga makarantar, a takarda kuwa kowane bango yana kaiwa sama.

Ya ba ni hanya biyu. Ko a mayar da B tsohon sito da ke ƙarshen fili har zango ya ƙare, darussan da suka rage su ne masu nauyi, bambanci zai iya fitowa a jarrabawar ƙarshe. Ko kuma a cire makarantar daga binciken, in sake sabon aiki a wata baɗi.

Na ce, “Ranka ya daɗe, yaran nan saurare kawai suke yi.”

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, “Kina ganin mugunta ce. Saurara. In muka nuna abin nan yana aiki, baɗi makarantu da yawa za su samu, har da su B ɗin, da ƙannensu. In ba mu nuna ba, a rufe shirin, kowa ya koma hadda. Ba ni na ƙirƙiro gwangwani na huɗu ba. Ke kika koya wa yara dalilinsa.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya yi min zafi. Na kira shugaban makaranta a gabansa na ce a mayar da B siton. Shugaba ya ce ba matsala, da ma sito a share yake.

Talata, da yamma

An kwashe bencinan B.

Mun yi darasin haske da madubi. Ya yi kyau, yara sun haska rana a kan allo, sun haska ta a goshin juna. Na yi tambaya, na tsaya jiran amsa, sai na kama kaina ba hannu nake jira ba.

Malama kuwa ta mayar da ni baƙuwa. Ta gaishe ni sosai, har da tambayar mutanen gida, abin da ba ta taɓa yi ba.

Da za mu tafi na hango wata doguwar yarinya ta fito daga tsohon ajin B rungume da gwangwanaye, tana tafiya a hankali zuwa sito don kar ƙasar ta zube. Ba ta dube ni ba. Ni ma ban kira ta ba.

Alhamis, da rana

Ba wanda ya yi tari.

Asabar, da yamma

Na je asibiti. Ban shirya zuwa ba, sabulu na fita saye, sai na ga na tsayar da mota.

Baffa yana barci. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Inna na zaune a kan tabarma a gefen gadon tana yanke masa farce. Ta ɗago ta dube ni, ba ta ce ina kika shiga ba. Ta ce, “Kin ci abinci?” Ta matsa min na zauna.

Sai na shiga ba ta labarin wake. Na ba ta na kashin awaki, ta yi dariya har tana toshe baki don kar ya farka. Na ba ta na bango. Na ce kamar ni ke nan da ƙofar falo, da sakatar nan ba ta lalace ba da yanzu ban san inda nake ba.

Ta tsaya da yankan farcen. “Wace sakata?”

“Ta ƙofar falo, Inna. Wadda ba ta rufuwa.”

“Lafiyarta ƙalau. Har yau ita ce a jiki.” Ta koma kan ɗan yatsan da take yankewa. “Silifas ɗina nake sa wa a gindin ƙofar. Shi kuma malamin na ce masa ina da ciwon kunne, ina son in riƙa jin abin da ake koya wa 'ya'yana, ya ɗan riƙa ɗaga murya. Bawan Allah, har ya bar gidan yana yi min sannu da kunne.”

Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya min ba. Ta ce to mene ne abin faɗa a silifas?

Na dubi Baffa. Na ce, “Shi ya sani?”

Ta ce, “Wa kike zaton yake tsallake silifas ɗin kullum in zai shiga?”

Ta miƙo min abin yankan farcen ta ce idonta ya gaji, in ƙarasa masa ɗaya hannun. Ina cikin yi ya buɗe ido. Ya dube ni ya daɗe. Maganarsa ba ta fita sosai yanzu, ban gane abin da ya ce ba, amma bai janye hannun ba.

Litinin, da hantsi

Na sami Farfesa kafin ya shiga aji. Na ce a cire makarantar. Na ce hujjarsa daidai ce, ba ni da wadda ta fi ta, kuma sauran makarantun sun isa su nuna abin da ake son nunawa ba tare da tawa ba. Na roƙi abu ɗaya, a bar ni in ci gaba da bin motar har ƙarshen zango.

Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

“Kin san me wannan yake nufi.”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

“Sai baɗi ke nan.”

Na ce sai baɗi. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. A bayan ɗakin karatu na tsaya na yi kukana, na wanke fuska, sannan na kira Shugaba. Ya ce ikon Allah, wato bencinan nan dai ba za su huta ba.

Talata, da yamma

Da na iso na tarar an mayar da su. Ban leƙa ba. Malama ta amsa gaisuwata a gajarce ta hanci, na ji daɗi.

Na so a haɗa ajin biyu wuri ɗaya, amma ɗakin ba zai ɗauke su ba, sai Shugaba ya gyara jadawali, shi ma sai mako mai zuwa. Don haka yau yadda muka saba muka yi. Maraya ya fara fure, shi kaɗai a cikin huɗun. Me-ya-sa ta ce da ma ta faɗa. Na ce ai da hannunki a ciki. Ta ce da hannun kowa.

Na ɗauki alli na rubuta kan darasi. Daga can ba motsi, irin shirun nan nasu na masu riƙe numfashi. Sai na ajiye allin, na juya wa allo baya, na fuskanci bangon. Yaran A suka bi ni da kallo.

Na ce, “'Yan B, kuna jina?”

Shiru. Ina jin sun zaci tarko ne. Har tsuntsu ɗaya ya wuce ta sama ya dawo ba wanda ya motsa.

Sai tari, ɗan siriri, guda biyu. Sannan murya, karo na farko:

“Anti, ɗan ƙara murya.”